Zanen Matan Sabine na David Ba Hoton Sata Ba Ne

Mutane da yawa in sun ga zanen da mai zane Bafaranshe Jacques-Louis David ya yi a 1799, a gidan tarihin Louvre da ke Paris, sai su ce ga ranar da Romawa suka sace matan Sabine, wata ƙabila maƙwabciyarsu, kamar yadda labarin tsohuwar Roma ya zo. Ba haka ba ne, wani mai zane Bafaranshe, Poussin, shi ne ya zana satar. David ya ɗauko abin da ya biyo baya, lokacin da dangin matan suka zo ɗaukar fansa. Dubi jariran da ke ƙasa a zanen, ai haihuwa ba ta kwana ɗaya ba ce. Mai fararen kayan nan Hersilia ce, ta ware hannuwa tsakanin mijinta Romulus, sarkin Romawa, da mahaifinta Tatius, sarkin Sabine. A kurkuku David ya fara tsara zanen, bayan jinin da aka zubar a juyin juya halin Faransa, yana roƙon 'yan ƙasarsa su sasanta.