Waiwaye: Yadda Waƙoƙin Hafiz Suka Haɗa Farisa da Jamus

A birnin Weimar na ƙasar Jamus akwai wasu manyan kujeru biyu na dutse masu fuskantar juna, waɗanda shugaban Iran na wancan lokaci, Muhammad Khatami, da takwaransa na Jamus, Johannes Rau, suka ƙaddamar a shekarar 2000. Ɗaya ta Goethe ce, shahararren marubucin Jamus, ɗayar kuma ta Hafiz, sha'irin birnin Shiraz na ƙasar Farisa, wato Iran ta yau. Mutanen biyu ba su taɓa yin ido huɗu ba, domin Hafiz ya rasu a ƙarshen ƙarni na 14, shi kuwa Goethe sai a 1749 aka haife shi.

Adabin Farisa ya riga Goethe shiga Jamus, tunda Adam Olearius, wanda ya raka wata tawaga zuwa Isfahan, ya fassara littafin Gulistan na sha'irin Farisa Sa'adi tun a 1654. Sai dai al'amarin bai kankama ba sai da Joseph von Hammer, ɗan ƙasar Ostiriya, ya fassara diwanin Hafiz dukansa. Fassarar ta faɗa hannun Goethe a 1814, yana da shekaru sittin da ɗoriya, Turai kuma ta gaji tiɓis da yaƙe-yaƙen Napoleon. Dattijon ya kamu matuƙa, har ya kira Hafiz abokin tagwaicinsa, ya kuma riƙa zama yana kwaikwayon rubutun haruffan Larabci da hannunsa kamar sabon almajiri.

A 1819 ya fitar da nasa diwanin na Yamma da Gabas. A ɗaya daga cikin waƙoƙinsa ya tambayi sha'irin dalilin laƙabinsa, aka amsa masa da cewa haddar Alƙur'ani ce ta sa ake ce masa Hafiz. Abin lura shi ne, wasu daga cikin baitocin soyayya mafi armashi da aka sa a bakin Zulaiha, masoyiyar da ke cikin diwanin, ba na Goethe ba ne, ƙawarsa Marianne von Willemer ce ta rubuta su, kuma an daɗe ba a sani ba.

Goethe bai taɓa taka ƙasar Farisa ba, ta bakin mai fassara ya ji Hafiz. Friedrich Rückert, wanda ya laƙanci harshen Farisanci, shi ne ya dasa salon gazal, wani nau'in waƙar soyayya da Hafiz ya shahara da shi, a waƙar Jamusanci.

Amsa ta zo daga Gabas bayan fiye da shekara ɗari. Muhammad Iqbal, sha'irin Indiya ta wancan lokaci, wanda ya sami digirin digirgir a Munich da bincike kan falsafar Farisa, ya wallafa Payam-i Mashriq, wato Saƙon Gabas, a 1923, kuma da Farisanci ya mayar wa Goethe gaisuwarsa.