Waiwaye: yadda tonon silili ya zama makami a fadar Faransa

Tawayen manyan gidajen sarauta na Faransa ya mutu a 1653. Daga nan Sarki Louis na 14 ya janyo su kusa da shi don ya riƙa sa musu ido. Muƙami da fansho da auren gata duk sai da yardarsa. Wanda ba shi da halin tara dakaru sai ya koma neman abin da zai shafa wa abokin gaba kashin kaji a gaban sarki.

A 1679 aka kafa kotu ta musamman kan masu sayar da guba da asiri a Paris. An ƙona bokanya La Voisin a Fabrairun 1680, amma waɗanda aka tsare ba su daina ambato manya ba. Ministan yaƙi Louvois ya samu abin da yake so: babban kwamanda Luxembourg, wanda ba sa ga-maciji da shi, ya yi watanni a kurkukun Bastille kafin a wanke shi. Da zance ya kai ga Madam Montespan, daɗiron sarki kuma uwar 'ya'yansa, sai minista Colbert ya tsaya mata, domin 'yarsa na auren ɗan ɗan'uwanta. Sarki ya killace takardun da suka ambace ta, ya ƙona su a 1709. Ashe bincike ma ya san ƙofar da ba a ƙwanƙwasawa.

Badaƙalar sarƙar lu'ulu'u, wadda ta faru bayan fiye da shekara ɗari a zamanin Sarki Louis na 16, ta fi muni. Wata 'yar damfara, Jeanne de la Motte, ta yaudari Kadinal Rohan, wani babban limamin cocin Katolika, cewa Sarauniya Marie Antoinette na son ya saya mata sarƙar a asirce. Da asiri ya tonu, ana iya kashe maganar a cikin gida. Amma minista Breteuil, tsohon maƙiyin Rohan, ya ga dama ta samu. Ranar 15 ga Agustan 1785 aka kama Kadinal a fadar Versailles, sanye da rigar limanci, a idon fadawa.

Dangin Rohan suka tashi tsaye. Ranar yanke hukunci, 31 ga Mayun 1786, suka jeru a hanyar alƙalai cikin baƙaƙen tufafi na makoki. Kotu ta wanke Kadinal, jama'a suka yi ta sowa. Sarauniya ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, amma ita laifin ya rataya a wuya. Har a shari'ar da ta kai ta ga kisa a Oktoban 1793, bayan juyin juya halin Faransa ya kifar da sarauta, sai da aka tambaye ta game da La Motte. Ta ce ba ta taɓa ganinta ba.