Waiwaye: Asalin Taƙaddamar Mazauna Jiragen Ruwa a Ingila

Tun da aka fara ƙara wa jiragen da ba su da matsaya ta dindindin kuɗin lasisi a watan Afrilun 2024, muhawara ta sake zafi a Ingila kan haƙƙin mutanen da jirgin ruwa ne gidansu. Masu gidaje a bakin ruwa suna kukan cunkoso, mazauna jiragen kuwa suna cewa ana neman korar su a hankali. Wanda bai san tarihin ba zai ɗauka tsadar haya a Landan ce ta haifi matsalar kwanan nan, alhali tushenta ya fi haka nisa.

An buɗe hanyar ruwa ta Bridgewater, wadda haƙa ta aka yi, a 1761 domin kai kwal Mancesta, sauran suka biyo baya. Da jirgin ƙasa ya karya kasuwar dakon kaya ta ruwa, sai matuƙa suka kwashe iyalansu suka koma cikin jiragen, a ɗakin da faɗinsa bai kai ƙafa 7 ba. Dokokin 1877 da 1884 sun wajabta rajistar jiragen da duba su, ta biyun ta taɓo karatun yara. Sanyin 1962 zuwa 1963, wanda ya daskarar da ruwan na makonni, shi ya kusan binne sana'ar.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne dokar hanyoyin ruwa ta 1995. Daftarinta na farko ya nemi kowane jirgi ya kasance yana da wurin ɗaurewa na dindindin kafin a ba shi lasisi, masu jirage suka kai koke majalisa, aka shafe shekaru ana ja-in-ja. Daga ƙarshe sashe na 17 ya amince a ba jirgi lasisi ko ba shi da matsaya, muddin da gaske tafiya ake yi da shi, kuma ba zai wuce kwana 14 a wuri ɗaya ba sai da dalili mai ƙarfi. Wannan nasara ce babba, domin ita ta halatta rayuwar mai yawo a ruwa. Amma dokar ba ta fayyace abin da ake nufi da wuri ɗaya ba, ba ta kuma faɗi nisan da jirgi zai yi ba kafin a yarda ya tashi. A lokacin masu irin wannan zama kaɗan ne, giɓin bai dami kowa ba. Da haya ta gagari malaman makaranta da ma'aikatan jinya da ɗalibai suka rungumi ruwa, sai kowane ɓangare ya shiga fassara sashen yadda ya fahimta.

A ganina, a nan ciwon yake, domin a rayuwar yau da kullum fassarar ba ƙaramin abu ba ce. Uwar da ɗanta ke makarantar firamare, idan aka ce ta matsa mil da yawa duk mako biyu, dole ta lissafa yadda yaron zai isa aji da safe, da inda za ta cika tankin ruwa, da yadda za ta yi rajista wurin likita ba tare da adireshi ba. Idan kuma aka ƙi sabunta lasisi, wata dokar hanyoyin ruwa ta 1983 ta ba da damar a fitar da jirgin daga ruwa, wanda a wurin mai shi rasa muhalli ne. Dokokin da ke kare ɗan haya a doron ƙasa yawancinsu ba su shafe shi ba.

Wannan ne ya sa aka kafa ƙungiyar National Bargee Travellers Association a 2009 domin kare masu yawon. A 2012 kula da hanyoyin ruwa kusan mil 2,000 na Ingila da Wales ya koma hannun gidauniyar Canal & River Trust, wadda ta gaji gadoji da madatsai masu fiye da shekara 200 da ke buƙatar gyara, ta kuma gaji sashe na 17 yadda majalisa ta bar shi.