Ba a Ko'ina Amarya ke Tarewa Gidan Miji Ba

Mun daɗe muna jin ana cewa rayuwar matan Musulmi iri ɗaya ce a duk duniya: a ɗaura aure, a kai amarya gidan miji, gida da gona kuma na maza ne. Wanda ya faɗi haka abin da ya tashi ya gani ne ya faɗa, amma duniyar Musulmi ta fi haka faɗi.

A yammacin tsibirin Sumatra na ƙasar Indunisiya akwai al'ummar Minangkabau, Musulmi ne miliyoyi masu riƙo da addini. A al'adarsu ta ɓangaren uwa ake lissafin zuri'a, ango ne ke komawa gidan dangin amarya, kuma babban gidan gado da gonakin shinkafa na kaka da kakanni suna bin layin mata. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suka rarrabe dukiya. Ta zuri'a ana riƙe da ita a matsayin amanar dangi, wadda mutum ya nema da guminsa kuma ana raba ta bisa ƙa'idar gadon Musulunci. Malamansu sun daɗe suna muhawara a kan wannan tsari. A tsibiran Komoros da ke gabashin Afirka ma akwai inda miji ke tarewa gidan matarsa.

Idan ka ci karo da magana a kan rayuwar matan Musulmi, tambayi wace ƙasa ake nufi, wane zamani, birni ko ƙauye. Duba ko mai maganar ya zauna da matan ya ji ta bakinsu, kuma ko ya bambanta hukuncin addini da al'adar gari.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.