Hoton ƙirji na fim ko na kwamfuta: wanne ke gano ƙura a huhu?

Masu fasa dutse, masu haƙar kwal da ma'adinai, masu yankan tayil, wannan magana taku ce. Ƙurar da kuke shaƙa ba duka take fita da tari ba. Mai laushin cikinta takan sauka can ƙasan huhu ta zauna, huhu ya yi ta yin tabo a kanta. Wannan ciwo na ƙurar dutse, da ake kira silikosis, yakan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ya bayyana, kuma tabon da ya riga ya fito ba ya gogewa. Mai shi ya fi mai lafiyayyen huhu saurin kamuwa da tarin fuka. Shi ya sa muke so a ɗauki hoton ƙirji tun mutum yana jin kansa garau.

Ma'aikata kan tambaye ni, tunda an bar baƙin fim ɗin nan da ake ɗagawa a gaban haske an koma kwamfuta, anya sabon yana kama ƙananan tabo? Yana kamawa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, tana da hotunan awo da likita ke jerawa da hoton ma'aikaci, ya auna yawan tabon daga mataki na 0 zuwa na 3. Da fim aka fara, amma a 2011 ta shigar da hoton dijital cikin ƙa'idar, a 2022 kuma ta fitar da hotunan awo na dijital zalla. A Amurka ma, hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata ta karɓi hoton dijital wajen duba ma'aikatan kwal tun 2012. Ga shi ba ya buƙatar ruwan wanki, idan bai fito da kyau ba, sai a sake nan take, kuma ana iya tura shi ga ƙwararren da ke nesa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake karanta shi. Tabon farko ƙanana ne ƙwarai, wasu ba su wuce milimita 1.5 ba. Sai a allon kwamfuta na musamman da aka yi don aikin asibiti ake ganinsu sosai. Idan aka buga hoton a takarda, ko aka ɗauke shi da waya aka tura ta WhatsApp, sun ɓace, a ce wa mutum lafiyarsa ƙalau alhali ciwo ya soma. Idan kuma aka cika ƙara wa hoton kaifi, sai jijiyoyin jini su yi kama da tabo, a tayar wa mai lafiya hankali a banza.

Don haka idan an ɗauke ku hoto, ku faɗa wa likita irin aikin da kuke yi da shekarun da kuka yi cikin ƙura. Ku nemi a ba ku ainihin hoton a faifai ko filashi. Tsohon fim ɗinku kuma kada ku yar, ku ajiye shi inda danshi ba ya kaiwa, ku zo da shi, don da shi ake gane ko tabon yana ƙaruwa.