Wayar bashi ga wanda bai taɓa cin bashin banki ba

Shagona na waya yana PZ a Zariya, kuma daga safe zuwa la'asar tambayoyin nan ake maimaita mini, musamman ɗaliban Samaru da Kongo da masu bautar ƙasa. Ga amsoshin, a karanta kafin a zo.

Ina son layin da ake biya a ƙarshen wata, irin na Ingila.

Nan ba Ingila ba ce. Layukanmu na MTN da Airtel da Glo, sai ka sa kati kake kira. Na biyan wata akwai shi, amma galibi ma'aikatu ne ke riƙe da shi. Abin da kake nema waya ce da za ka biya kaɗan-kaɗan.

Ban taɓa karɓar rance ba. Za a ba ni?

Ana ba irinka kullum, kwantar da hankalinka. Ka zo da NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), da BVN (lambar shaidarka ta banki), da layin da aka yi rajista da sunanka, da kuɗin kafin alƙalami. Wanda ba a san shi ba, abin da ya ajiye a hannu shi ne shaidarsa.

Na manta BVN ɗina.

Danna *565*0# da layin da ka buɗe asusu da shi.

In na kasa biya fa?

Wayar za ta kulle. Kuma don Allah kada ka kai ta wurin mai gyara ya buɗe maka. Ko ta buɗu, bashin yana nan a kan sunanka.

An ƙi ni. Yayana ma'aikaci ne, in karɓa da BVN ɗinsa?

To, nan ne sai mu zauna, ƙanina. Ba zan ce maka a'a kai tsaye ba, don na ga waɗanda suka yi suka rabu lafiya. Amma ka fahimci abin da kake roƙo. A takarda shi ne mai bashin, kai mai riƙe waya ne kawai. Akwai kamfanoni uku masu ajiye tarihin bashi a Nijeriya: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. In mai ba da wayar yana kai musu rahoto, duk makarar da ka yi sunan yayanka za ta ɓata, duk biyan da ka yi kan lokaci kuma shi za a rubuta wa. Ka gama biya, har yanzu ba ka da tarihi.

Bara wani malamin firamare daga Tudun Wada ya zauna a kan bencin shagona, ya cire hula yana share gumi. Ya karɓar wa ɗan ƙanwarsa waya, yaron ya biya wata biyu ya sayar da ita. Malam bai sani ba sai da ya je neman rancen taki aka ce masa akwai bashi a kansa. Tsohon zance ne, bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wannan ba shi ya ci ba.

In dole ne, to yayanka ya zo da ƙafarsa, ya karanta takardar, ya riƙa ganin saƙon biya a wayarsa, kuma kuɗin ya zama wanda zai iya ɗauka in ka gaza. Amma kafin nan duba dalilin ƙin. Sau da yawa sunan NIN ne bai dace da na BVN ba, Muhammad a nan, Mohammed a can. Wannan gyara yake so, ba yaya ba. Dokar rahoton bashi ta 2017 ma ta ba ka damar karɓar rahoton bashinka kyauta sau ɗaya a shekara.

Aron kati da *303# yana gina mini tarihi?

Kada ka dogara da shi.

Nawa zan biya gaba ɗaya?

Wannan ya kamata ka fara tambaya, amma ba mai yi! Ku dai ku ji "ɗari biyar a rana" ku miƙa hannu. Haɗa kafin alƙalami da duk abin da za ka biya, ka shiga kasuwar Sabon Gari ka tambayi farashin wayar kuɗi hannu, sannan ka dawo.

Ƙarin da ke kai riba ne, wato kuɗin ruwa?

Ni ɗan kasuwa ne. Kai wa malaminka takardar, ka nuna masa wurin da aka rubuta tarar makara.