Shari'ar Google da Oracle ba ta halasta kwafar manhaja ba

A rumfunan masu gyaran waya a Maradi, har yau akan ji ana cewa kotun Amurka ta halasta kwafar manhaja tunda Google ta kayar da Oracle. Gajerun kanun labarai ne suka jawo wannan. Hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a Afrilun 2021, da rinjayen alƙalai 6 kan 2, bai kai nan ba. Cewa ta yi layuka kusan 11,500 na Java, harshen rubuta manhaja na kamfanin Oracle, da Google ta ɗiba don Android amfani ne da doka ta yarda da shi a wannan yanayin. Ko layukan suna da haƙƙin mallaka? Kotu tsallake tambayar ta yi. Mai ɗura wa mutane Windows na sata kuwa, ko zancensa ba a yi ba.